Giwar Da Muka Yanka

A wani zama da muka yi kwanan baya an daɗe ana kuka da masu ɗaukar hoton littattafanmu suna rabawa kyauta a wayoyi. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, mu kuwa muka yi gum. Wasu sun zaci maganar ba ta dame mu ba ne. Ta dame mu ƙwarai da gaske, sai dai akwai wani tsohon alhaki da ya riƙe mana harshe, wanda muka ɗauka tun muna ɗalibai, yau kimanin shekara talatin ke nan. Shi muke so mu fara saukewa a wannan fili kafin mu sa baki a shari'ar wasu.

Mu biyar ne a ɗaki ɗaya, a shekararmu ta ƙarshe a jami'a, cikin 1995, kuma dukkanmu harshen Hausa muke nazari. Tukunyarmu ɗaya, risho ɗaya, fitilar ƙwai ɗaya domin ranar da aka ɗauke wuta. Babbanmu malamin firamare ne da ya samu izinin ƙaro ilimi, ya baro mata da 'ya'ya uku a ƙauye, muna ce masa Yaya Malam. Ƙaraminmu kuwa ko gemu bai tsiro ba, sunansa a wurinmu Auta.

Wanda bai yi karatu a wancan zamani ba zai yi wuya ya gane yadda littafi ya zama gwal. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja a farashin hukuma. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, zamanin mulkin Janar Babangida, sai naira ta kama gangara. Zuwa 1995 gwamnati na cewa dala naira 22 ce, alhali a kasuwa ta haura naira 80. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin duk suna tangal-tangal, don haka har littafin da aka buga a gida da takardar waje ake buga shi. Na Hausa dai da sauƙi-sauƙi, domin irin su Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a Zariya a 1988, in ba ka da shi wani a makwabcin ɗaki yana da shi. Amma duk littafin da ya ƙetaro teku, to, sai dai ka gan shi ta bayan gilashi.

Irin wannan ne ya tsaya mana a maƙogwaro. Akwai wani kwas na ilimin ma'ana da ba a kammala digiri sai an ci shi, littafinsa kuwa bugun Ingila ne, mai kauri kamar matashin kai. Saboda girmansa muka laƙaba masa suna Giwa. Malamin kwas ɗin ba ya cikin masu buga handawut su sayar, a rubuta sunan wanda ya saya a bar wanda bai saya ba da fargaba. Shi dai ya ce a karanta Giwa, daga cikinta tambayoyi za su fito. Da muka roƙe shi aron tasa, sai ya ce ya taɓa bayar da guda aro shekaru da suka wuce ba ta dawo ba, wannan ta biyu ko ɗan cikinsa ba zai ba. A lokacin mun ga rowarsa. Ga shi yajin aiki ya cinye watanni, an matse zangon karatu, aka liƙa jadawalin jarrabawa saura mana mako uku.

Laburare muka fara zuwa. Kati ya nuna akwai guda biyu. Ɗaya tana wurin ajiya na musamman, inda ake ba ka awa ɗaya ka dawo da ita, ga layi tun da asuba. Ranar da layi ya zo kanmu muka buɗe, sai muka tarar wani ya bi babi uku da reza ya zare su tas. Ɗayar kuwa ba a ara ba, ba ta kuma kan kanta. Dabarar ɗalibai ce sananniya: mutum ya ɗauke littafi daga muhallinsa ya tura shi can cikin littattafan aikin gona ko na shari'a, inda shi kaɗai ya san wurin. Kwana biyu muna lalube kanta-kanta ba mu gan ta ba. Allah ya sani mun tsine wa mai rezar nan iya tsinuwa.

Daga nan sai kantin littattafai. Guda ɗaya ce rak, sabuwa fil, naira 1,800. Muka dubi juna muka fito, domin ko kuɗin abincinmu na wata muka haɗa ba su kai ba. Muka bi waɗanda suka gama kafin mu, wannan ya ce bai taɓa mallaka ba, wancan ya ce ya tafi da tasa bautar ƙasa. Fotokwafi kuma sai kana da abin da za ka ɗora a kan injin, kuma da muka yi lissafin shafukan muka ga kuɗin hoton ma ba ƙaramin abu ba ne.

Wani masinja a sashenmu ne ya ba mu shawarar mu je Kano, mu duba wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, daga Bata zuwa bakin kasuwar Sabon Gari. Muka yi karo-karo. Kowa ya zazzage aljihunsa, Yaya Malam kuwa ya sayar da rediyonsa, wadda da ita yake jin labaran duniya kowace safiya, ya kawo kaso mafi tsoka. Ranar Asabar da sassafe uku daga cikinmu suka shiga mota.

Mai karatu, in ka taɓa tsugunawa gaban irin wannan shimfiɗa ka san yadda abin yake: littafin likitanci a kan na koyon ɗinki, ƙamus ba bango, tsofaffin mujallu sun sha rana sun yi ja. Tun hantsi muke yawo har aka yi la'asar. Can muka isa wurin wani dattijo Inyamuri, wanda ya tsufa a Kano har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Muka miƙa masa takardar da muka rubuta sunan littafin. Ya duba, ya yi shiru, ya shiga wani ɗan lungu ya jawo kwali, ya tono har ƙasa, sai ga Giwa.

Ba irin ta kanti ba ce. Bugun araha ne, mai bango mai laushi da tambarin ELBS, wato wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta riƙa tallafawa tun 1960 domin a buga littattafan jami'a da rahusa saboda ɗaliban ƙasashe masu tasowa, har aka rufe shi a 1997. Takardar ta yi ruwan ƙasa, amma ko shafi ɗaya bai ɓace ba. A shafin farko akwai sunaye uku da rubutun hannu daban-daban, kowanne da shekararsa: 1981, 1986, 1990. Ta tsakiyar mace ce, kuma ita ce ta bi gefen shafuka da fensir tana fassara kalmomi masu wuya da Hausa.

Ya ce naira 600. Muka zube abin da ke hannunmu, bayan an ware kuɗin motar komawa, naira 400 cif. Ya ƙirga, ya dube mu, ya ce, "Yarana, jarrabawa ce ko?"

Muka ce, "Ita ce, Baba, saura kwana goma sha shida."

Ya ce, "To, ku kawo. Amma da sharaɗi. In kun gama ku dawo mini da shi, zan saya a hannunku rabin kuɗi. Littafin nan sau uku yana fita daga hannuna yana dawowa. Baɗi ma wasu za su zo nema."

Muka yi alkawari har da rantsuwa, muka kamo hanya muna murna kamar waɗanda suka tsinci dami a kala.

A daren nan aka zauna shawara. Littafi ɗaya, mutum biyar, kwana goma sha biyar. Yaya Malam ya ce a yi irin karatun zaure: kullum bayan sallar isha ɗaya ya ɗauka ya karanta a bayyane, sauran su saurara, a tsaya a tattauna, kowa ya rubuta abin da ya fahimta. Muka ce ina, wannan zai ci lokaci, ga sauran kwasa-kwasai na jira, kuma wani da rana yake gane karatu wani sai tsakar dare. Gaskiyar magana ita ce kowannenmu so yake ya riƙe abin a hannunsa shi kaɗai. Sai ɗayanmu ya kawo lissafi mai daɗin ji: a raba littafin kashi biyar, kowa ya riƙe kashi ɗaya kwana uku ya miƙa wa na gaba, kafin ranar jarrabawa kowa ya zagaye duka. Aka tuna da alkawarin Baba, aka ce ai in an gama sai a kai wa mai ɗinkin littafi ya mayar da shi yadda yake. Yaya Malam ya ce shi dai ransa bai kwanta ba, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Aka ɗauko reza sabuwa. Mu da muka tsine wa mai rezar laburare ko mako biyu ba a yi ba, mu ne muka kwantar da Giwa a kan tabarma muka tsaga gadon bayanta gida biyar.

Kwana uku na farko lafiya lau. A zagaye na biyu kashi na huɗu ya faɗo hannun Auta, sai aka aiko masa mahaifiyarsa ba lafiya. Ya naɗe kashinsa ya sa a aljihu ya tafi gida, da niyyar ya yi karatu a gefen jinya. Ya ajiye takardun a kan taga. Ƙanwarsa kuwa tana tuyar ƙosai a ƙofar gida kowace safiya, ta ga tarin takardu ba bango ba ɗinki, ta ɗauka irin waɗanda yake kawo mata ne in ya gama da su. Kafin ya farga rabin unguwa sun karya kumallo a cikin kashi na huɗu. Ya dawo mana da warƙa bakwai, duk sun jiƙe da mai, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ba wanda ya iya yi masa faɗa, domin yarinyar ba ta yi laifi ba. Da littafi ta gani da bangonsa, ko kusa ba za ta taɓa ba.

Mutum biyu kaɗai suka ga wannan kashi, shi ma Auta bai kai ƙarshensa ba. Suka zauna suna tuno mana abin da ya maƙale a kansu, muna rubutawa. Ranar jarrabawa aka raba takarda, tambaya ta farko, wadda dole ne kowa ya amsa, daga kashi na huɗu ta fito. Waɗancan biyu suka rubuta abin da suka tuna. Biyu suka yi ta kewaye-kewaye suna cika takarda da surutu, suka tsallake da ƙyar da jiɓin goshi. Yaya Malam ba mutum ne mai rubuta abin da bai sani ba. Ya bar wurin fari fat, ya amsa sauran. Da sakamako ya fito, mu huɗu muka wuce, shi ya faɗi kwas ɗin da maki kaɗan. Mutumin da ya sayar da rediyonsa, wanda kuma shi kaɗai ya ce kada a yanka, shi ne ya ƙara shekara guda, iyalinsa na jira, ƙarin girman da yake sa rai a wurin aiki ya koma baya.

Ragowar kashi huɗun ma ba su sake haɗuwa ba. Kowa ya tattara kayansa ya tafi da wanda ke hannunsa, ana cewa sai an haɗu. 'Yan ajin da ke bin mu suka zo tambaya, don sun ji labarin muna da Giwa, muka yi ta 'yan kame-kame.

Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya Malam muka ji shi, shekaru bayan haka, a wurin wani ɗaurin aure. Ya ce da shekara ta zagayo ba shi da yadda zai yi, sai ya nufi Kano wurin dattijon nan, da kwatancen da muka ba shi. Ya miƙa takarda. Baba ya duba ya ce guda ɗaya gare shi, wasu yara sun saya bara sun yi alkawarin dawowa da shi, har yau shiru. Yaya Malam ya ce kunya ta rufe shi, amma ya daure ya faɗi gaskiya, tun daga reza har ƙosai. Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, ai ba ni kuka cuta ba, ni na karɓi kuɗina. Na bayanku kuka cuta. Ga shi kuwa kai ne na farkonsu." A ƙarshe da hannu ya kwafe abin da ya samu daga ta laburare, awa ɗaya-ɗaya, har Allah ya ba shi sa'a. Bai taɓa yi mana gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo.

Tun daga ranar muke juya maganar Baba. Littafin nan ya yi shekara goma sha huɗu yana yawo, ya fitar da mutum uku da muka ga sunayensu, da waɗanda suka ara a hannunsu da ba mu san adadinsu ba. Arahar da muka samu ba daga sama ta faɗo ba. Wani ya biya tallafin bugawa, mutum uku sun riƙe amana sun dawo da shi, wata baiwar Allah ta bar mana fassararta a gefe, ɗan kasuwa ya rage naira 200 don yana sa ran zai dawo. Da ya iso hannunmu sai muka ɗauka namu ne mu kaɗai, tunda mun biya.

Malamanmu na da ba haka suka ɗauki littafi ba. Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da labarin malaminsa Muhammad Baghayogho, wanda ya rayu a ƙarni na 16, cewa yakan ba ɗalibi aron littafi mafi tsada a cikin taskarsa, ko da bai san daga inda ɗalibin ya fito ba. A zaurukan ƙasar Hausa ma littafi warƙa-warƙa yake a cikin gafaka, almajiri ya ari 'yan warƙoƙi ya kwafa ya mayar. Amma wannan al'ada ƙafa biyu gare ta, mai bayarwa da mai mayarwa. In ɗaya ta karye, sai a samu irin malaminmu da ya rantse ba ya ƙara ba da aro. Yanzu mun gane wani ne ya koya masa rowar.

Ɗaliban yau sun fi mu wahala ta wata fuska, domin a 2024 dala ta haura naira 1,500. Ta wata fuskar kuma sun fi mu gata nesa ba kusa ba. Tun 2012 Jami'ar Rice da ke Amurka ta buɗe shirin OpenStax, inda ake sauke cikakkun littattafan kimiyya da lissafi da tattalin arziki kyauta, da yardar masu su. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, ta zuba littattafan kwasa-kwasanta a intanet. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda a zamaninmu sai ka yi layi kafin ka taɓa shi, yau yana cikin waya. Shawararmu ga ƙannenmu da 'ya'yanmu ita ce a fara da waɗannan, a nemi tsohon bugu a hannun waɗanda suka gama, a haɗa kuɗi a sayi guda a karanta tare kamar yadda Yaya Malam ya so, kuma a fara neman tun makon farko na zango, kada a bari sai jadawali ya fito. Gaggawa ce ta sa mana reza a hannu.

Sai mu dawo kan kukan da aka yi a zamanmu. Gaskiya ne, wanda ya ɗauki hoton littafin marubuci mai rai ya watsa ba da izininsa ba ya shiga haƙƙinsa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haɗa har da abin da ake yaɗawa a intanet. Mu ma mun ga namu yana yawo a WhatsApp alhali kwalayen bugun farko na jibge a ɗaki, kuma wanda bai mayar da kuɗin bugun farko ba ba zai yi na biyu ba. Shi ma mai wannan aiki na bayansa yake cuta. Amma da muka ga namu, ba mu iya tsinuwa ba, domin mun san yaron da ke can ƙarshen wayar: saura masa kwana goma sha shida, aljihunsa ba komai. Doka za ta iya tsorata shi, amma ba za ta sa masa littafi a hannu ba.

Mu kuwa marubutan Hausa mun san yadda ake sa littafi a hannun talaka. A shekarun 1990 mu ne muka riƙa fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, a takarda mai araha, don 'yar makaranta da matar aure su iya saye. Shagunan haya kuma suka buɗe a unguwanni, a karanta a dawo da shi. Abin da muka yi wa labaran soyayya me zai hana mu yi wa littattafan karatu? Malaman jami'a da kwalejoji da ke cikinmu su fitar da bugun ɗalibai mai rahusa. Wanda littafinsa ya ƙare a kasuwa kuma ba shi da niyyar sake bugawa, ya sake shi kyauta da hannunsa, da sunansa a kai. Kowane reshe ya ware kanta ɗaya a ofishinsa, mu kwaso littattafan jami'ar da ke shan ƙura a gidajenmu mu zuba, ɗalibi ya ara ya rubuta sunansa da shekara a shafin farko, ya dawo da shi da bangonsa.

Mu dai mun fara da kwali biyu, kuma mun rubuta a kan kowane littafi cewa sadaka ce a madadin wani dattijo mai sayar da littattafai a Sabon Gari. Da gobara ta cinye kasuwar a 2016 shi ya fara faɗo mana a rai, ko da yake mun san da wuya a ce yana nan har lokacin. Kashi na ɗaya na Giwa yana wurinmu har yau, a ƙasan akwati, da shafin nan mai sunaye uku. A ƙarƙashin 1990 akwai fili da ya isa a rubuta suna biyar, ba mu rubuta ba. Allah ya yafe mana, ya saka wa Yaya Malam da alheri. Wassalam.